Inda Rubutun Ɗalibi Ke Ɓacewa A Cikin Waya

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa akan zo mini da kuka, a ce an yi rubutu a gefen littafin karatu na cikin waya, an sa alamar shafi, da gari ya waye babu ko ɗaya. Waɗansu har su kama zargin mai gyara, alhali kuwa ba ruwansa. To, ga yadda abin yake.

Kowane ma'aji na na'ura yana da iyakarsa, kamar mudun awo a kasuwar Wunti. Ma'aunin rubutu sunansa bayit. Harafin boko ɗaya bayit ɗaya ne, sai dai ɓ da ɗ da ƙ biyu-biyu suke ci. Shafi guda cike da rubutu kamar bayit 3,000 ne. Bayit miliyan ɗaya shi ake kira megabayit. Hoton allo guda da ka ɗauka da waya yakan kai megabayit 3, watau ya cinye wurin shafi 1,000 ke nan.

Waɗansu manhajojin karatu da ake buɗewa ta intanet suna ajiye rubutunka da alamun shafinka a wani ɗan ma'aji cikin wayarka, wanda bai wuce kamar megabayit 5 ba. Hoto biyu sun isa su cika shi. Da ya cika, sai ya ƙi karɓar ƙari. Manhajar da ba a kyautata gininta ba kuwa ba za ta ce maka uffan ba. Kana ganin rubutunka a fuskar waya, kana tsammani ya zauna, ashe bai shiga ma'aji ba. Da ka rufe, shi ke nan. Ni a ganina mudu ya fi ta gaskiya, don in ya cika kana ganin hatsi na zuba ƙasa.

Wajen aikawa ma akwai iyaka. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a jikin wasiƙa ɗaya. WhatsApp kuwa a 2022 ya ɗaga tasa daga megabayit 100 zuwa kusan 2,000.

Saboda haka kada ku cusa hotunan allo cikin rubutunku, ku ware musu wurinsu dabam. In kun gama rubutu, ku rufe manhajar, sa'an nan ku sake buɗewa ku duba ko yana nan. Kowace Jumma'a ku fitar da kwafe ku aika wa kanku. Masu shirin fita gwajin koyarwa kuwa, lalle su kwashe lambobin shafukan da suke bukata cikin littafin rubutu tun kafin su bar kwaleji.