Darasi na 12: Daga Legas Zuwa Kano a Jirgin Sama

Ɗalibi, a wannan darasi za ka koyi yadda ake maganar nisa da lokaci da Hausa. Za mu ɗauki misalin tafiya daga Legas zuwa Kano.

Legas tana kudu maso yammacin Nijeriya, a bakin teku. Kano kuwa tana arewa. Idan aka miƙe ta sama, nisan da ke tsakaninsu kimanin kilomita 830 ne. Ta hanyar mota kuwa, ya haura kilomita 1,000, domin hanya takan karkata ta ratsa garuruwa kamar Ibadan da Kaduna da Zariya. Matafiyi a mota yakan wuni a hanya, wani lokaci har ya haɗa da dare.

Jirgi yana tashi daga Filin Jirgin Sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, ya sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. A birnin Kano ne jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a shekarar 1925.

Yaya ake lissafin lokacin tafiya? Sai ka raba nisa da gudu. Babban jirgin fasinja yakan ci kimanin kilomita 800 a awa ɗaya. Idan ka raba 830 da 800, za ka sami awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma a zahiri tafiyar takan ɗauki kusan awa ɗaya da rabi. Dalili shi ne, jirgi ba ya cikakken gudu lokacin da yake hawa sama ko yake shirin sauka. Haka kuma yakan ɗan yi tafiya a ƙasa kafin ya tashi, da bayan ya sauka. Saboda haka, jirgin da ya tashi da ƙarfe 10:00 na safe zai isa wajen ƙarfe 11:30.

Akwai abin lura. Lokacin da kake sama ba shi ne duka lokacin tafiyarka ba. Dole ka isa filin jirgi da wuri domin a auna kayanka, a duba tikitinka. Cunkoson motoci a Legas yana iya cinye maka awa guda ko fiye. Da hunturu kuma, hazo yakan rufe sararin Kano, sai a jinkirta tashin jirgi. Wanda bai saka waɗannan cikin lissafinsa ba, yana iya tarar da jirgi ya tashi ya bar shi. Hausawa sukan ce, da sanyin safiya ake kama fara.

Sababbin Kalmomi

nisa: tazarar da ke tsakanin wuri da wuri
kimanin: kusan, ba daidai cif ba
haura: wuce, fi
hazo: ƙurar da ke rufe sararin sama da hunturu
jinkirta: ɗage abu zuwa wani lokaci

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsakanin Legas da Kano ta sama?
2. Me ya sa hanyar mota ta fi nisa?
3. Idan jirgi ya tashi da ƙarfe 2:00 na rana, da ƙarfe nawa zai sauka?
4. Rubuta jimloli uku a kan wata tafiya da ka taɓa yi, ka faɗi nisanta da lokacin da ta ɗauka.