Kwamfuta Takan Bi Abin Da Ka Rubuta

Kuskure iri biyu ne ke damun ɗalibi mai koyon rubuta firogiram. Na fari shi ne kuskuren rubutu, misali ka rubuta PRNT maimakon PRINT. Wannan da sauƙi, gama kwamfuta za ta tsaya ta nuna maka layin. Na biyu ya fi haɗari: firogiram ya yi aiki sumul, ya ba da amsa, amma amsar ba daidai ba ce.

Bari mu ɗauki misali cikin harshen BASIC. A ce ɗalibi ya sami maki 60, 70 da 80, muna neman matsakaicinsu. Sai aka rubuta:

LET M = A + B + C / 3

Kwamfuta za ta ba da kusan 157. Yaya ɗalibin da bai wuce 80 ba zai sami haka? Dalili kuwa, kwamfuta takan yi rabawa kafin tarawa. Watau 80 kaɗai ta raba gida uku, sa'an nan ta tara da 60 da 70. Maganin shi ne baka biyu:

LET M = (A + B + C) / 3

Yanzu amsa ta zama 70.

Sai kuma sharaɗi. A ce makin ci 40 ne, aka rubuta:

IF M > 40 THEN PRINT "YA CI" ELSE PRINT "YA FADI"

Mai 65 ya ci, mai 20 ya faɗi, kome kamar lafiya. To, mai 40 cif fa? Alamar > tana nufin "ya fi", 40 kuwa bai fi 40 ba. Ke nan an kā da yaron da ya ci jarrabawarsa, a maishe shi baya ba laifinsa. Alamar da ta dace ita ce >=, watau "ya kai ko ya fi".

Saboda haka, kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki fensir ka yi lissafin da kanka, domin ka san amsar da kake jira. In amsoshin sun saba, sa PRINT bayan kowane mataki ka ga inda lamba ta kauce. Sharaɗi kuma a bakin iyaka ake gwada shi: gwada 39, 40 da 41.

Kada ka raina irin wannan kuskure. A shekarar 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse wajen daƙiƙa 40 bayan tashinta, domin wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da firogiram ya tanada mata.

Ga aikin gida. Wanda ya sami 70 ko fiye ya cancanci A:

IF M >= 40 THEN PRINT "C" ELSE IF M >= 70 THEN PRINT "A"

Me mai maki 85 zai samu? Bi layin da fensir, ka gyara shi, ka kai wa malaminka.