Farashi Ɗaya ga Kowa, Shi Ke Nan An Yi Adalci?

Jama'a, abu biyu ake yawan cakuɗawa wurin rabo. Daidaito shi ne a auna wa kowa tiya guda, mai hali da marar hali. Adalci kuwa sai an duba halin mutum tukuna, a ba shi gwargwadon abin da zai tsayar da shi. A gaban alƙali daidaito muke so, kada a dubi rawanin wani. Amma in yunwa ta shigo gari, lissafin ya sake.

Mutanen Cadawa da Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, a yankin Maraɗi, ba sai an tuna musu da shekarar 2005 ba. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta faɗa wa wasu yankuna. Kafin sabon hatsi ya nuna, rumbuna sun yi fayau. Ga hatsi jibge a kasuwa, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Sai gwamnati ta fito da nata, ta sayar da rahusa, farashi ɗaya ga kowa, ba a fifita ɗan wane ba. Wannan daidaito ne, babu musu. To, amma mai karatu ya duba da kyau. Wanda ke da bisashe ya sayar da rago ya ɗauki buhu. Matar da mijinta ya tafi cin rani Najeriya, wadda akuyarta ta ƙarshe ta riga ta tafi kasuwa, rahusa da tsada duk ɗaya ne a wurinta, tunda ko dala ba ta da ita. Rabon abinci kyauta gadan-gadan bai kankama ba sai wajen watan Agusta, lokacin da cibiyoyin tamowa na likitocin MSF a Maraɗi suka riga suka cika da yara. A ganina wannan jinkiri ya fi fara ɓarna.

Kada kuma a ɗauka adalci kullum tsince-tsince ne. Tsintar mabukata tana da nata rikici, don in aka bar wa mutum ɗaya alƙalami, danginsa duk sai su zama matalauta a takarda. A 2007 MSF ta bi wata hanya a Gidan Rumji: ba ta bi gida-gida tana tantancewa ba, duk yaro daga wata 6 zuwa shekara 3 aka riƙa ba shi abincin gina jiki a watannin ƙarancin cimaka. An ware waɗanda suka fi rauni, sannan aka daidaita a tsakaninsu. Haka gwamnati ta yi a 2006 da ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Saboda haka, in taimako ya zo ƙauye, ko za a ba da rance daga bankin hatsi, a rubuta sunaye a bainar jama'a, da mata a wurin, don su suka san gidan da ba a hura wuta. A ƙidaya baki, kada a ƙidaya ƙofa: gida mai mutum 15 da mai mutum 3 ba awo ɗaya za a yi musu ba. Bazawara mai marayu a rubuta ta da sunanta, kada a cusa ta ƙarƙashin wan mijinta. Bayan an gama, a karanta takardar da ƙarfi, wanda aka tsallake ya yi magana kafin a kwance buhu.