Darasi na Sha Biyu: Idan Jirgin Ƙasa Ya Tare Hanya

Ɗalibai, ku karanta wannan bayani da kyau, sannan ku amsa tambayoyin da ke biye.

Mahaɗa ita ce wurin da titin mota ya ratsa layin dogo. Wani lokaci jirgin ƙasa yakan tsaya a kanta, ya tare hanya. Me ke jawo haka?

A wurare da yawa layin dogo guda ɗaya ne tak, kamar tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano tun 1912. Jirage biyu ba za su iya wuce juna a kansa ba. Saboda haka ake shimfiɗa gajeren layi a gefe. Jirgi ɗaya yakan ratse can, ya jira ɗayan ya wuce. Idan akwai mahaɗa a wurin jiran, sai taragunsa su toshe titi.

Matsalar ta yi tsanani a Amurka, inda jirgin kaya yakan kai tsawon kilomita 3. Motar asibiti da ta kashe gobara sukan makara. A 2023, 'yan jarida sun wallafa hotunan yara a garin Hammond na jihar Indiyana suna rarrafe ta ƙarƙashin jirgin da ke tsaye domin su je makaranta.

Wannan ganganci ne. Direban jirgi yana can gaba, ba ya ganin su, kuma jirgin yana iya motsawa ba zato. Ban da haka, jirgin da ake jira yana tafe a ɗaya layin, taragu sun kare shi.

Don haka, kada ku bi ta ƙarƙashin jirgi. Kada ku tsallaka tsakanin taragu. Ku jira, ko ku nemi gada. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.

Ma'anar Kalmomi
tarago: ɗaki ɗaya na jirgin ƙasa
ratse: kauce daga hanya
ganganci: jefa kai cikin haɗari da gangan

Nahawu
Ana hani da kalmar "kada": kada ka tsallaka, kada ki tsallaka, kada ku tsallaka.

Tambayoyi
1. Mece ce mahaɗa?
2. Don me jirgi yake jira a layin gefe?
3. Ku kawo haɗari biyu da ke cikin bin ƙarƙashin jirgi.
4. Ku rubuta jimloli uku da "kada".