Yadda Ake Ɗaukar Dogon Karatu a Faifan MiniDisc

Zaman tafsiri guda a watan azumi yakan kai awa ɗaya da rabi, shi kuwa faifan MiniDisc mafi girma minti 80 kacal yake ci a tsarinsa na asali. Wanda ya ɗora na'urar a masallacin Abare ko Anka bai san wannan ba, faifai zai cika masa malam yana tsakiyar bayani. Kamfanin Sony na ƙasar Japan, wanda ya fito da wannan faifai a 1992, ya magance matsalar a shekarar 2000 da wani tsari mai suna MDLP, wanda ke matse sauti ya ninka lokacin faifai sau biyu ko sau huɗu. Amma ninkin nan ba kyauta ba ne, da ingancin sauti ake biyansa, don haka sai an zaɓa da hankali.

Fara da duba goshin na'urar. Idan ba ka ga an rubuta MDLP ba, to tsohuwa ce, ba ta yin dogon tsarin. Sannan ka juya bayanta ka karanta ƙarfin wutar da take sha. Yawancin waɗannan na'urori gwanjo suke zuwa, kuma waɗanda aka ƙera don Japan bolt 100 suke so, alhali wutarmu bolt 230 ce. Ko janareta ne ko sola, kada ka jona irin wannan sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba nan take za ta ƙone.

Daga nan sai haɗa waya. Na'urar gida galibi ba ta da ramin makirfo, saboda haka daga amfilifayar masallaci za ka janyo sauti, ta ramin da ke fitar da shi zuwa rikoda, ka shigar a ramukan nan biyu, fari da ja, masu rubutun IN. Ka karkata maɓallin INPUT zuwa ANALOG. Idan tsohon kaset kake kwashewa, haka za ka haɗa rediyon kaset ɗin. Ka duba ɗan makullin da ke gefen faifai: in yana buɗe, na'ura ba za ta yarda ta ɗauka ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato maɓallin REC MODE. Duk dannawa ɗaya yana sauya tsari, kuma allon zai nuna maka. Tsarin asali, SP, yana ba sauti kilobit 292 a daƙiƙa, minti 80. LP2 yana ba da kilobit 132, faifai ya ci minti 160. LP4 kuwa kilobit 66 ne, minti 320, wato awa biyar da minti ashirin. Akwai kuma MONO, wanda ke haɗe dama da hagu su zama hanya ɗaya, shi ma minti 160.

Mutane da yawa LP4 suke rugawa saboda arahar faifai, kuma lissafinsu ba laifi: zama uku na awa ɗaya da rabi za su shiga faifai guda, azumi gaba ɗaya ya ƙare a faifai goma. Idan wa'azi ne ko lacca da ake son a ji ma'ana kawai, LP4 ya wadatar. Amma ni ban yarda a ɗauki alaramma mai jan baƙi da shi ba. Matsewar tana cinye kaifin haruffa, sin da sadi su soma kama da juna, ga wani ɗan ruwa-ruwa da ke bin murya. Ɗalibin da zai koyi tajwidi daga wannan faifai an tauye shi. Ga muryar mutum ɗaya ko biyu daga makirfon masallaci, MONO na fi so, domin sautin dama can hanya ɗaya yake fitowa, ba abin da ka rasa, kuma yawancin tsofaffin na'urori suna karanta shi.

Kiɗa kuma SP ne gidansa. Wanda ya gaji kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo ko Sa'idu Faru ko Ibrahim Narambaɗa, ya sani cewa dukan kotso da amshin 'yan karɓi su ne farkon abin da LP4 ke dagulawa. Kaset mai minti 60 yana shiga faifai ɗaya a SP har da saura. Mai minti 90 ne zai sa ka koma LP2, ko ka raba shi faifai biyu, wanda shi ya fi. Irin waɗannan kaset ba a sake samunsu a kasuwar Gusau yadda aka saba, rowar faifai a kansu hasara ce.

Kafin ka danna komai, ka tambayi kanka a wace na'ura za a saurara. Faifan LP2 ko LP4 in aka sa shi a na'urar da ba ta da MDLP, lokaci zai riƙa tafiya a allo, amma shiru za a ji. Idan faifan zai je hannun wani a Gummi ko Bukkuyum, ka fara sanin irin na'urarsa.

Bayan ka zaɓa, danna REC, na'urar za ta tsaya tana jira. Sa a yi magana a makirfo, ka riƙa murɗa REC LEVEL har ma'aunin ya riƙa hawa sama ba tare da kalmar OVER ta kama ba. Ka bar ɗan sarari, domin malam yakan ɗaga murya in karatu ya yi daɗi. Sai ka danna maɓallin tafiya. Ba a sauya tsari ana cikin ɗauka, sai an tsaya, amma faifai ɗaya yana iya ɗaukar wani sashe a SP wani a LP2.

In an shafa fatiha, danna STOP, ka fitar da faifan tun janareta yana aiki. A wannan lokacin ne kalmar TOC take ƙiftawa, na'ura tana rubuta jadawalin abin da ta ɗauka. Wuta ta ɗauke kafin ta gama, karatun ranar ya tafi. Ka gaya wa mai kashe janareta ya jira ka, ko ka jona na'urar a inbata mai batir. Daga nan ka buɗe makullin gefen faifai don kada a ɗauki wani abu a kansa, ka rubuta sunan malam da sura da kwanan wata da tsarin da ka yi amfani da shi, ka mayar da shi kwansonsa saboda ƙurar hunturu.

Sony ya daina fitar da na'urorin a 2013, ya kuma daina yin sababbin faifan a Fabrairun 2025. Saboda haka duk abin da ka ɗauka, ka janyo shi ta ramukan OUT zuwa kwamfuta tun na'urar tana da lafiya, ka ajiye kwafi biyu a katin waya daban-daban.