Iyo a Tafkunan Kogon Yukatan: Inda Ba Iska a Samanka, Nan Iyakarka

A arewacin yankin Yukatan na ƙasar Meziko, mutum kan wuni a mota bai tsallaka kogi ko ɗaya ba, alhali damina na sauka sosai. Ƙasar wurin dutsen farar ƙasa ce mai rarake-rarake. Ruwa na sauka sai ya shige ƙasa, ya yi ta cin dutsen shekaru aru-aru har ya haƙa wa kansa hanyoyi a ƙarƙashi. Inda rufin irin wannan hanya ya rufta sai baki ya buɗe, a hangi tafki garai-garai a ƙasa. Shi ne senote, kuma akwai dubbansu. Kullum ana kwasar baƙi daga Kankun da Tulum zuwa irin su Dos Ojos da Gran Cenote, a ba kowa tabarau na ruwa da bututun numfashi da rigar ceto, wani lokaci har da tocila, jagora ya shige gaba. Mai shirin zuwa yakan tambaya ko abin lafiya ne. Lafiya lau ne, bisa sharaɗi guda: duk lokacin da ka ɗago kai, ya kasance iska za ka tarar a samanka. Zaɓen jagora, yawan mutane, irin sutura, duk hidima suke yi wa wannan sharaɗin.

Dalilin yana cikin sigar wurin. Tafkin da ido ke gani ƙofa ce kawai. A Janairun 2018 masu nutso suka tabbatar cewa kogon Sac Actun da na Dos Ojos a haɗe suke, tsawon hanyoyinsu ya kai kimanin kilomita 347, galibi cike da ruwa har rufi. Ke nan wanda ke wasa a bakin Dos Ojos, 'yan mitoci ne tsakaninsa da ramin da ba shi da iska ko ta numfashi ɗaya. Bututun da ke bakinka kuwa ba ya ajiye iska. Tsawonsa bai kai rabin mita ba, kuma da zarar kansa ya shige ruwa ya tashi daga aiki. A teku, wanda ya ji ƙirjinsa ya matse sai ya taso sama, shi ke nan. A ƙarƙashin rufin kogo in ya taso, kansa ne zai gwaru da dutse. Masu nutso da tukunyar iska sun koyi wannan da tsada. A 1979 wani Ba'amurke gwanin nutso a kogo, Sheck Exley, ya bi diddigin mace-macen da aka yi a kogwanni, ya ga abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa: shiga ba igiyar da ke kai mutum har bakin fita, ƙin ajiye kashi biyu cikin uku na iska don komowa, da zurfafawa fiye da kima. Daga baya aka ƙara rashin horo da ƙarancin fitilu. Mai bututu ba shi da igiya, ba tukunya, ba horo. A kogwanni da yawa an kafa allo a cikin ruwa, da hoton kwarangwal da gargaɗin a tsaya nan. An kafa shi ne domin masu tukunya. Mai bututu bai kamata ko kusa da allon ya kai ba.

Abin da ke jan mutane su keta iyakar shi ne kyan ruwan. Ya tace ta cikin dutse, ba igiyar ruwa, ba guguwa, har mutum ya ji kamar a iska yake shawagi. Ga kuma wata yaudara ta ido: ta cikin tabarau, komai a ruwa yakan bayyana ya fi girma, ya kuma fi kusa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hasken da kake hange a ɗaya gefen wani ɗan rami, kana cewa numfashi ɗaya zai kai ka, ya fi yadda kake zato nisa. Tsabtar ma ba ta da tabbas. A ƙasan kogon akwai laka mai laushi kamar gari, wadda ta daɗe a kwance ba a taɓa ta ba. Ƙafa ɗaya ta share ta, sai ta taso a hankali, ta yi hadari, hasken tocila ya dawo maka fari fat, hannunka ma ba ka gani. A buɗaɗɗen tafki wannan ɓacin hoto ne kurum. A ƙarƙashin rufi, mutum ya rasa inda ya fito ke nan.

Wani zai ce ai shi gwanin ruwa ne, a kogi ya tashi, yana iya riƙe numfashi minti biyu. To irinsa ya fi ba ni tsoro, domin wanda bai iya ba yana manne da rigarsa, gwani ne ke tuɓe ta ya nutsa. Abin da ke tilasta wa mutum ya nemi numfashi shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, ba ƙarewar iskar oksijin ba. Wanda ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin ya nutsa, kamar yadda samari ke yi don su daɗe, ya kore wannan gurɓatacciyar iska, ya kashe ƙararrawar jikinsa. Oksijin na ƙarewa, shi bai ji komai ba, sai suma ta ɗauke shi ba sallama, sau da yawa yana kan hanyar tasowa. Ƙwaƙwalwa kuwa mintoci kaɗan take jurewa ba iska. In ana maganar gwaninta, a tuna Saman Kunan, ɗaya daga cikin tsofaffin zaratan sojan ruwan Tailan, wanda ya rasu a kogon Tham Luang a Yulin 2018 lokacin aikin ceto yara 12 da kocinsu, yana kan hanyar dawowa daga kai tukwanen iska. Yana da horo, yana da kayan aiki, yana da abokin nutso, kogo bai raga masa ba.

Saboda haka rigar ceto ba abin kunya ba ce, kuma a wurare da yawa ma dole ce. Masu ƙorafi suna cewa tana hana su nutsawa su ga ƙasa da kyau. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne rabin amfaninta. Ɗaya rabin, ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar ruwan gishiri, don haka wanda ya saba da teku zai ji ya yi nauyi. Sannan ruwan senote yana nan wajen digiri 24 zuwa 25 duk shekara. A baki kamar ba sanyi, amma ruwa na zuƙe ɗumin jiki da sauri ninkin-ba-ninkin fiye da iska, kuma bayan minti arba'in a inuwar kogo sai haƙora su soma kaɗawa, jijiyar ƙafa ta ɗaure. A daidaita maɗaurin rigar ya kama jiki, in ba haka ba tana hawowa har kunne. Maganar sutura ma ta shigo nan: mai son rufe jiki, mace ko namiji, ya nemi kayan iyo masu dogon hannu da dogon wando waɗanda aka ɗinka don ruwa. Doguwar riga mai faɗi ko mayafi sake-sake kan sha ruwa, su naɗe ƙafa, su maƙale a tsinin dutse.

Daga nan sai jagora, kuma a nan ne ƙanƙantar rukuni ke da ma'ana. Ba don a samu hoto ba cunkoso ba ne. Mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. Kuma mai bututu da ya suma kwance yake rub da ciki a saman ruwa, daidai yadda mai kallon kifi ke kwanciya. Sai idon da ke kansa ne zai lura cewa ya daina motsi. Ga masu nutso da tukunya a bakin kogo, ƙa'idar da aka saba da ita a yankin ita ce mutum huɗu ga jagora ɗaya. Masu bututu ana iya sassauta musu, amma a ganina in an wuce shida zuwa takwas a wuri mai duhu, jagora ƙirga fitilu kawai yake yi. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya: mutum nawa ne a rukunin, akwai mai tsaron baya, kowa zai samu tocilarsa, jagoran ya koyi ceto da farfaɗo da numfashi, akwai oksijin a wurin, sannan babbar tambaya, akwai inda za a ce mu nutsa mu bi ta ƙarƙashin dutse? Jagoran kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi dariya ya ce kada ka damu, a bar masa kayansa. Ƙaramin rukuni ya fi tsada, ba musu, amma araha ba ta ado, kuma wanda ya biya kuɗin jirgi har Meziko ba a kan wannan ya kamata ya yi tsimi ba.

To idan jagoran da kansa ne ya ce ga wani ɗan lungu, mita biyu ne, kowa na wucewa? Ka ƙi. Shi ya bi wurin sau ba adadi, jikinsa ya san inda zai sunkuya. Kai ba ka san yadda za ka yi ba in tabaranka ya cika da ruwa a tsakiya, ko na gabanka ya firgita ya juyo da baya ya tokare hanya. Akwai bambanci tsakanin wannan da rufi mai ƙasa-ƙasa wanda akwai iska a ƙarƙashinsa, inda ake bi a hankali kai a waje. Wannan ya halatta in an ba da hular kwano, in kuma ba ka da tsoron matsatsin wuri, wanda ya kamata ka faɗa tun a waje. In ruwa ya shiga bututu ko zuciya ta soma bugawa, ka ciro shi daga baki, ka juya rigingine, ka bar riga ta ɗauke ka, ka ɗaga tocila a gan ka. A gwada wannan a wuri mara zurfi kafin a shiga duhu. Minti biyar ya isa.

Wani kuma zai ce, in haka ne ai gara a haƙura. Ban yarda ba. Wanda ya tsaya a saman ruwa bai rasa komai ba, domin daga nan ake ganin ginshiƙan dutse da suka zubo daga rufi ɗigo-ɗigo a zamanin da kogwannin suke a bushe, lokacin da teku ya yi ƙasa da inda yake yau da fiye da mita 100. A irin wannan kogo ne, a Hoyo Negro, aka gano ƙasusuwan wata yarinya a 2007 da aka ƙiyasta sun kai shekara 12,000 zuwa 13,000. Ginshiƙin da ruwa ya rufe ya daina girma, in ya karye ya karye ke nan, shi ya sa ake hana taɓawa. Ana kuma sa a watsa ruwa kafin shiga, a bar man shafawa da na kariyar rana, don wannan ruwan ne mutanen yankin ke sha.

Saura lafiyar jiki. Numfashi ta bututu yana wahalar da ƙirji fiye da yadda ake zato, kuma binciken da aka yi a Hawai, inda ake yawan rasa baƙi masu iyo da bututu, ya nuna cewa wasu huhunsu ne ke tara ruwa daga ciki, musamman masu larurar zuciya da masu bututu mai matsi. Mai ciwon zuciya, hawan jini, asma ko farfaɗiya ya ga likita kafin tafiya, kuma duk wanda ya ji numfashi na gagararsa ko ƙarfi ya zube masa farat ɗaya ya fito nan take. Kada a haɗiyi ruwan, komai kyansa, don wasu senote na kusa da gari suna samun gurɓata daga masai, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi. Mai buɗaɗɗen rauni ya dakata. A kogon da jemagu ke kwana, kada a tone busasshen kashinsu, yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kama huhu. In zazzaɓi ko tari ya taso cikin makonnin da suka biyo bayan dawowa gida, ka gaya wa likita cewa ka shiga ruwan kogo da wurin jemagu, domin in ba ka faɗa ba, maleriya da taifot zai fara nema.