Yadda ɗalibi zai tsara rumfar matafiya a Magamar Jibiya, daga kwamfuta zuwa samfurin kwali

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya, inda ake tsayawa gaban jami'an kwastam da na shige da fice kafin a nufi Ɗan Isa a ƙasar Nijar. Wuri ne na jira. Direban tirela na jiran takardu, fasinja na jiran a duba shaidarsa, ɗan dako na jiran kaya, rana kuwa ba ta raga wa kowa. Ga ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, wannan wuri ya isa aikin zangon karatu guda: ya tsara rumfar da matafiya za su fake a ciki da salon zanen farametirik, sannan ya haɗa samfurinta da hannunsa.

A wannan salo, ɗalibi yana ɗaure sassan gini da juna da lissafi, yadda in ya sauya lamba ɗaya sauran za su biyo ta. Ya ƙara tsayin ginshiƙi, bakin rufi ya miƙe da kansa. Maginanmu na gargajiya sun daɗe da irin wannan tunani. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita biyu, don haka faɗin ɗaki yakan bi tsawon azara, in kuma ana son zaure mai faɗi sai a ɗaura bakan gizo. Da irin wannan ƙa'ida Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Mataki na farko: zuwa wurin

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ɗalibi ya karɓi takarda daga sashensa, ya gabatar da kansa ga jami'an da ke bakin iyaka kafin ya fito da tef ɗin awo ko ya ɗauki hoto. Ya tafi da rana tare da ɗan gari, domin yankin na fama da matsalar tsaro. Ya auna filin, faɗin titi da tsayin tirela mai lodi. Ya lura da inda mutane ke taruwa, inda mata ke zama, inda ake alwala da salla, inda masu canjin naira da sefa da masu abinci ke kafa teburinsu. Ya tambayi direbobi da 'yan kamasho lokacin da cunkoso ya fi yawa.

Mataki na biyu: fitar da lambobin da zane zai bi

Nan ne zuciyar aikin, kuma rana ce kan gaba. Jibiya na kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A tsakiyar rana a ƙarshen Disamba, rana kan karkata kudu, tsayinta kimanin digiri 53 daga ƙasa, sai ginshiƙi mai mita 4 ya jefa inuwar kusan mita 3 zuwa arewa. A ƙarshen Yuni tana kusan digiri 80, kuma ta ɓangaren arewa take, inuwar ginshiƙin ba ta kai mita ɗaya ba, tana faɗuwa kudu. Wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta kuwa rana tana tsaye daidai ka. Ma'ana, bakin rufin kudu yana bukatar tsawo fiye da na arewa, amma ba a barin na arewa tsirara. Ranar yamma ita ce mai ƙuna, domin tana shigowa a kwance ta ƙarƙashin kowane rufi.

Sai iska. Hunturu na zuwa da ƙura daga arewa maso gabas, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke rigan sauran zaizayewa a gidajen ƙasa.

Lamba ta uku ita ce yawan jama'a, kuma a Jibiya ba ta zama wuri ɗaya. An rufe iyakar a Agustan 2019, aka buɗe ta a Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ta janye rufewar a Maris 2024. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Jibiya. Saboda haka a tsara rumfar gaɓa-gaɓa, yadda za a iya ƙara ta ko a rage.

Mataki na uku: rubuta ƙa'ida a kwamfuta

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Rhino tare da Grasshopper, wadda David Rutten ya ƙirƙira a 2007. Ɗalibi ya fara da gaɓa ɗaya, misali mita 6 a mita 6. Ya ba kowane awo maɓallin ja: tsayin ginshiƙi, gangaren rufi, tsawon bakin rufi, girman ramukan bango, yawan gaɓoɓi. Sannan ya haɗa su da sharaɗi: bakin rufi ya bi kusurwar rana, ramukan bangon yamma da na gabas su ƙanƙance, na kudu da arewa su buɗe don iska ta ratsa. Ƙarin manhajar Ladybug zai nuna masa inda inuwa ke faɗuwa a kowace sa'a ta shekara.

Mataki na huɗu: zaɓe

Cikin yini guda kwamfuta za ta ba shi siffofi da yawa, kuma nan ne ɗalibai ke ruɗuwa da wadda ta fi lanƙwasa. Ya tace su da tambayoyi uku: wacce ta fi inuwa da azahar da la'asar, wacce ta fi ƙarancin ƙarfe da kwano, wacce mai walda da birkila a Jibiya za su iya haɗawa su kuma gyara? Ya duba kasuwar Dandaji a Nijar, inda Mariam Issoufou Kamara ta haɗa bulon ƙasa da laimomin ƙarfe masu hawa-hawa, da makarantar Gando a Burkina Faso, inda Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da silin don zafi ya fice.

Mataki na biyar: haɗa samfuri

Samfuri biyu ake yi. Na fili a ma'aunin 1:500, mai nuna titi, shinge da ofisoshi. Na rumfar a 1:50, inda mita ɗaya ke zama santimita 2, wato rumfa mai mita 30 a 12 za ta fito santimita 60 a 24. Kayan aiki su ne kwali mai kauri, falle na filawud a matsayin gindi, reza mai kaifi, rula ta ƙarfe, gam, da tsinken tsire don ginshiƙai.

A baje sassan rufin a kwamfuta, a ba kowane lamba, a buga a takarda, a manna kan kwali. In akwai injin yanka na leza a yi amfani da shi, in babu reza ta wadatar, sai dai a bi layi sau uku a hankali maimakon dannawa sau ɗaya. A fara da zana arewa a kan gindi, a huda gurbin ginshiƙai, a kafa su, a ɗora sanduna, rufi ya zo ƙarshe. Gam kaɗan ake sawa da bakin tsinke. A yanka siffar mutane da tirela a ma'auni ɗaya a ajiye ciki, domin su ne ke nuna ko rumfar ta yi tsayi ko ta gajarta.

Mataki na shida: gwaji da kare aiki

A fitar da samfurin rana, a daidaita shi da kamfas, a ɗauki hotonsa da hantsi, azahar da la'asar. Don sauran watanni, a haska shi da tocila cikin ɗaki mai duhu daga kusurwoyin da aka lissafa. A kunna turaren wuta da ƙaramar fanka a ga yadda hayaƙi ke ratsawa. A zuba tsabar gero a kan rufin, inda ta taru nan ruwan sama zai kwanta. Duk mahaɗar da ta ƙi zama a kwali za ta wahalar da mai walda, don haka a koma kwamfuta a sauya lambar, a sake yanka.

Ranar kare aiki, ɗalibi ya jera hotunan wurin, ƙa'idar da ya rubuta, siffofin da ya yar da dalilin yar da su, sannan samfurin. Duk lambar da malami ya nuna, ya iya faɗin inda ya samo ta.

Kira ga malaman sassan zanen gine-gine shi ne su riƙa tura ɗalibai irin waɗannan wurare, Jibiya, Illela, Maigatari da Kwangwalam, inda jama'a ke bukatar inuwa. Ɗalibin da ya auna ranar garinsu da kansa, ya gwada zanensa da hannunsa, shi ne zai yi ginin da mutane za su ji daɗin zama a ciki.